Keken Mutum Biyu da Kabejin Hajiya

Tunda labarin ya riga ya kai Bauchi, har Goggo ta bugo waya tana cewa Allah ya sa wa sana'a albarka, gara ku ji shi daga bakina. Wadda ke yawo da shi gida-gida tana ƙara masa gishiri, kuma kun san ko wace ce.

Kwanika na yi, na sani, ba sai an sake tuna min ba. Wata 19 ne tsakanin Abba da Ummi. Tun cikin Ummi bai tsufa ba lissafi ɗaya ya dame ni: 'ya'ya biyu, baya ɗaya. Abba yana tafiya, ba a ce ba ya yi ba, amma inda ransa ya so yake nufa, in ya hango akuya kuwa sai dai ki bi shi. Ga rigakafi a gaba, sati 6, sati 10, sati 14, kowanne sai an yi sammako an bi layi. Yaya ta Abuja ta ce in sayi keken tura yara mai cin mutum biyu in huta. Ta yi min karatu a waya: akwai mai kujera gaba da baya, siriri ne amma dogo, juya shi a kwana sai da ƙarfi, kuma na baya ba abin da yake gani sai ƙeyar ɗan'uwansa. Akwai mai kujeru gefe da gefe, kowa na kallon hanya, ba rigima, sai dai faɗi. Akwai kuma na mutum ɗaya da ake maƙala wa ɗan allo a baya babban ya tsaya a kai, wanda na san Abba ba zai yi minti ɗaya a kansa ba. Ita Yaya a Gwarinpa take, daga mota sai tayil ɗin kantunan Jabi, amma wannan ba mu tattauna shi ba. Baban Abba ya ce nan da wata shida yaron zai ƙi zama a ciki, asarar kuɗi ce. Hajiya, uwar mijina, ta ce ita tara ta haifa, zani da majanyi suka rene su, ga su nan ba wanda ya karkace. Mutum ɗaya ce ta dage in saya, facalata. “Sayi abinki Maman Abba, ke da kika yi boko.” Ku riƙe wannan.

A kasuwar Katako da ke nan Jos na samo shi wurin 'yan gwanjo, gefe da gefe, ruwan toka, da rumfarsa da birki da kwando a ƙasa. Mai kayan ya rantse ɗan Ingila ne, Baturiya ɗaya ce ta taɓa tura shi, ita ma ranar Lahadi kawai. A gabana ya naɗe shi da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan.

Ranar yawon arba'in na ƙaddamar da shi. Watan Janairu, hunturu ya kankama, na sha leshina na fitar suna, ga lalle, ga takalmi mai tsini. Zanin goyo kuwa da gangan na bar shi a kan gado, don mai keke ba ta buƙatarsa, kuma har gobe ina kan wannan ra'ayi. Muna bakin ƙofa Hajiya ta bugo, wai tunda zan fito in biya Farin Gada in taho mata da kabeji da karas da dankalin turawa, akwai baƙi. Na biya, na saya. Matsalar ta fara ne a wurin hawa napep, don keken nan da aka naɗe da hannu ɗaya a Katako ya ƙi naɗuwa da hannu shida. Mai napep ɗin ya ce shi tun yana achaba, kafin a hana su a 2012, ya ɗauki rago, ya ɗauki ƙofar ƙarfe, bai taɓa haɗuwa da kaya mai taurin kai irin wannan ba. A buɗe aka ɗaure shi a baya da roba, tayoyi na kallon sama, muka ratso gari kamar masu kai jeren amarya. “Anti, shata ce fa wannan, har da kuɗin keken.” Na ce na ji.

Wanda ya san Gangare ya san layin su Hajiya. Napep ba ta shiga. A bakin layi ya sauke mu, ya jibge min ledoji a ƙasa, ya ja abarsa.

Gaskiya a faɗe ta, taku goma na farko sun yi kyau. Ummi a dama, Abba a hagu, mutane na kallo, ni kuma ina tafiya irin ta wadda ta san abin da take yi. Daga nan kwatar da ke tsakiyar layin ta fara. Keken ya yi mata daidai, taya biyu a wannan gefe, biyu a wancan, sai dai Baturen da ya ƙera shi bai tanadi inda mai turawa za ta sa ƙafa ba. Haka na raba ƙafa, ɗaya nan ɗaya can, da takalmi mai tsini, a kan dutse, hanya kuma ta miƙe ƙasa tana jan keken. Abba ya ji girgiza ya bankare, ya sulale ta ƙarƙashin bel ya dire. Ummi ta tsala ihu.

Sai ga wata tsohuwa, ban san ta ba, ban ga ta inda ta fito ba.

“Ke 'yar nan, wannan 'yar mutum ce ko kaya? Jaririyar arba'in a cikin wannan sanyi kin shanya ta a waje?”

Na fara yi mata bayanin cewa akwai bargo, akwai rumfa. Ba ta saurare ni ba. A Jos in tsohuwa ta ambaci sanyi magana ta ƙare, garin da ke kan tsauni sama da mita 1,200 ba ki da hujjar da za ki kawo. Ta warware zanin da ta yafa, ta ce in duƙa, na duƙa a tsakiyar layi, ta ɗora min Ummi, ta tamke, ta zare mayafina mai tsada ta yi majanyi da shi. Ummi ta yi tsit nan take, abin da har yanzu ban yafe mata ba.

To yanzu ga keke ba kowa a ciki, ga ledoji a hannu. Kowace mai hankali abin da na yi shi za ta yi. Kabeji a kujerar Ummi, dankali a kujerar Abba, karas a kwandon ƙasa. Kabejin ya fara gangarowa, na zagaya masa bel na ɗaure. Na sauke rumfa saboda ƙura. Abba ya kama gefe wai shi ma turawa yake.

“Mai kabeji!”

Na waiga ina neman mai kabejin, don har na ce a raina da na san ana kawowa layin da ban sha wahalar Farin Gada ba.

“Ke mai kabeji! Mai goyo! Tsaya mana!”

Wata mata ce ta fito daga wani gida da roba a hannu, tana gyara hijabi. Ba ta kalli fuskata ba. Kai tsaye ta ɗaga rumfar, ta kwance bel ɗin, wallahi ta fi ni iya kwance shi, ta ɗauki kabeji ɗaya ta jijjiga a hannu, ta matsa shi, ta ɓare ganyen sama ta yar a kwata.

“Nawa-nawa?”

Bakina ya mutu. Ita kuma ta ɗauka jan aji nake irin na 'yan kasuwa.

“Kar ki tsuga min kuɗi, jiya wurin mai baro na saya, kuma nasa sun fi waɗannan tauri.”

Na ce, “Baiwar Allah, ba na sayarwa ba ne.”

“An riga an saya? To dankalin fa, nawa fenti?”

A nan ne ta ɗago kai. Ta dubi leshin daga wuya har ƙasa, ta dubi lallen, ta dubi takalmin da ya kwaso abin da ya kwaso daga kwata, ta dubi goyon, ta dubi Abba. Na ga fuskarta ta sauya, na ce alhamdulillahi ta gane, yanzu za ta ba da haƙuri. Sai ta dafa kafaɗata, ta sassauta murya.

“Allah sarki. Ba komai 'yar'uwa, kar ki ji kunya, sana'a ta fi roƙo. Uban yaran yana da rai kuwa?”

Yana da rai kuwa. Wannan tambaya na kwana da ita na tashi da ita. Da dare ina shayar da Ummi amsoshi suka riƙa zuwa min, masu kyau, masu zafi. Da na ce mata yana da rai, kuma gidan da take hangowa mai koren ƙyaure gidan ubansa ne. Da na ce kuɗin keken nan zai sayi kabejin da za ta ci har jikokinta. Da ko kallon banza na yi mata na wuce. Abin da na faɗa a lokacin shi ne, “Yana nan lafiya, yana gaishe ki.” Yana gaishe ki! Mutumin da bai san da zamanta a duniya ba.

Ana cikin haka Abba, ɗan da na yi naƙudarsa, ya sunkuya ya zaro karas ɗaya ya miƙa mata, ya buɗe tafin hannu ya ce, “Kuɗi.” Maganarsa duka ba ta wuce Mama da ruwa da a'a ba, ban san inda ya ajiye wannan ba sai ranar. Matar ta ce, “Tubarkalla, har ya iya.” Wata ta leƙo daga gidan da ke kallon nata tana tambaya ko akwai latas.

Duk abin nan facalata tana tsaye a ƙofar gidan Hajiya. Ta ce wai fitowarta ke nan. Ƙarya ne, tun ina raba ƙafa a kan kwata na hango jan ɗankwalinta. Taku ashirin ne tsakaninmu, ba ta yi ko ɗaya ba, ta dai jingina da bango tana riƙe ciki. Wannan matar ni na soya naman sunanta, har yau ga tabon mai a hannuna. Kular da ta ara tun bikin ƙanwarta ban taɓa tambaya ba. Da na iso abin da ta iya cewa shi ne, “Maman Abba, an yi ciniki?”

Amma ko ita ba ta ƙona min rai kamar tsohon da ke zama a dakalin ƙofar ba. Kun san shi, mai rediyo. Keken ya ƙi shiga zaure, ƙofar irin ta da ce, faɗin mutum ɗaya, kuma saura ɗan yatsa biyu kacal ya wuce. Tsohon nan bai motsa daga inda yake ba, amma ya karɓi ragamar aiki. “A karkata shi.” Aka karkata. “Ba haka ba, ta hagu.” Aka koma hagu. “A shiga da baya.” Ya sanar da mu cewa shi shagon kayan keke gare shi a babbar kasuwar Taminus kafin gobarar 2002, don haka duk wani abu mai taya a duniya ya san ciwonsa. Na ce, “To Baba, ko za ka duba mana yadda ake naɗe shi?” Ya ce shi ba ya taɓa kayan mata. Ya ci gaba da ba da umarni daga zaune, yana haɗawa da tarihin kasuwar, da yadda ake zuwa ganinta daga wasu ƙasashe, da mutumin da ya ci masa bashi sati ɗaya kafin wutar. Almajirai uku suna turawa, ni ina ja, Ummi na barci a baya. Da abin ya ƙi, ya ce a sauke kayan a jera a dakali kusa da shi, nauyi ne ya hana. Nauyi bai taɓa hana abu shiga ƙofa ba, amma aka sauke. Can ya nisa ya ce ai tun farko kuskuren na masu ginin ne, shi ya faɗa wa marigayi Alhaji a faɗaɗa ƙofar nan bai ji ba. Daga ƙarshe wata yarinya 'yar firamare da ta dawo daga aike ta taka wani jan abu a ƙasan keken, ta ja wata igiya a tsakiyar kujera, ya naɗe ya kwanta. Tsohon ya ce, “Yawwa, abin da nake ta faɗa muku ke nan.”

Hajiya ba ta ce komai ba, Allah ya saka mata. Ta karɓi Ummi, ta dubi zanin da ke jikina ta ce na wane ne, na ce ban sani ba. Ta aika a nemo tsohuwar, ba a same ta ba.

Keken yana zauren Hajiya har yanzu, don ba mai napep ɗin da zan sake yi wa bayani. An ce yaran gidan sun gano yana ɗaukar jarka biyu daidai. Baban Abba bai ce ai na faɗa miki ba, yana dai tambayata jifa-jifa ko akwai latas. Ni ban ga laifin keken ba, a Rayfield, unguwar masu hali, ko Abuja da tuni ana tambayata inda na saya, kuma in Ummi ta fara zama zan sake gwada shi ko don facalata.

Kabeji biyar na saya a Farin Gada, huɗu suka shiga madafin Hajiya. Matar nan ta mayar da wanda ta ɗauka, a kan idona. Ban ce tsohon ba ne, babbar riga ce dai a jikinsa ranar. Hajiya ta ce in bar maganar, wai abokin marigayi ne.