Wallahi Baba ba ni ba ne

Motar Yaya Habu na ara, 'yar Kwatanon nan da yake ji da ita, na tafi Agege gaida surukina. Kun dai san shi, dariyarsa ma sai da dalili.

Na tsaya a ƙofar gida, inji a kunne, ina gyara hula a madubi. Sai ga Baba ya idar da alwala, buta a hannu, farar shadda na ƙyalli, za shi La'asar. Ya hango kashin tsuntsu a gilashin gaba, daidai saitin madubi. Bawan Allah ya matso ta gefena, ya tsiyaya ragowar ruwan buta a wurin.

Waifa ta tashi. Ita kaɗai! Hannuwana biyu suna kan hula. Ta kwaso ruwan da kashin da ƙurar Oshodi ta watsa masa a ƙirji. Ta koma ta sake kawowa. Na kai hannu a gigice in kashe ta, sai na jawo abin fesa ruwa. Wannan karon har gemu.

Na sauke gilas, ko sallama babu, na ce, "Wallahi Baba ba ni ba ne." Ya sunkuyo ya leƙa cikin motar, gaba da baya. Ni kaɗai ne a ciki. Ya ce, "To."

Shi kuwa Sale mai shayi har da sauka daga benci yana dukan ƙasa, wai mota ta yi aljanu. Salen da nake bi dubu 3 tun azumi. Mutumin da ko keke bai mallaka ba, shi ne yanzu yake ba da labarin a Mile 12, ya ƙara gishiri wai har hon na danna. Ban danna ba.

Da dare Yaya Habu yake gaya mini a kan AUTO ya bar waifar, wato ta riƙa tashi da kanta in ta ji ruwa. Wata 'yar na'ura ce manne bayan madubi, tana harba hasken da ido ba ya gani cikin gilashin. In a bushe yake hasken ya dawo mata duka, in da ɗigon ruwa sai ya watse, ita kuma ta tayar da waifa. Babu ruwanta da ko na damina ne ko na buta.

Na aika da kuɗin wanki, an dawo da su. Sale kuma har yau shiru.