Masu cewa Bahaushe ba ya karatu, ku zo shagonmu ku yini

Jiya wani abokina da muka yi sakandare tare ya biyo ta shago, ya same ni kan benci da littafi a hannu babu kwastoma ko ɗaya, ya kalle ni ya kalli kantocin ya ce wai har yanzu kana nan cikin ƙurar takardun nan, ba gara ka buɗe POS ba, wa yake karatu yanzu? Dariya na yi na aika aka siyo masa lemo. Amma maganar ta tsaya min a rai shi ya sa na ce bari dai na rubuta.

Shekarata goma sha huɗu a shagon nan. Na maigidana ne shi kaɗai, ba kamfani ba ne ba mu da reshe, daga shi sai ni sai yaron da ke ɗauko mana kaya daga Kurmi. Kuma ba son karatu ne ya kawo ni ba gaskiya, aikin yi na rasa. Satina na farko wata Hajiya ta aiko ɗanta da kuɗi wai a ba ta littafin hikaya wanda ya fi daɗi, ni kuwa na zaro wanda bangonsa ya fi kyau na miƙa. Washegari yaron ya dawo da shi ya ce Umma ta ce a tambaye ka, ka karanta kuwa? Maigida yana gefe yana jan carbi, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi yaro ko mai tuwo sai ta ɗanɗana miyarta kafin ta zuba wa mutane. Daga ranar ya kafa min doka, in an idar da azahar kasuwa ta yi sanyi, in ɗauki ɗaya in karanta.

Da na soyayya na fara, irin masu na ɗaya na biyu na uku ɗin nan da ake yanke labari daidai inda ranka zai tashi don dole ka nemi na gaba. Na sha su har na fara gane marubuciya tun daga shafin farko ko an cire bango. Daga nan na koma tsofaffin bugun Zariya, waɗanda suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 da na bayansu, kuma abin kunya sai da na haura ashirin na zauna na karanta Magana Jari Ce duka uku daga farko har ƙarshe, a makaranta tsinta-tsinta kawai muka yi don jarrabawa. Ajami kuwa dattawa ne suka tilasta min gyara shi, mutum ya zo neman waƙar wa'azi ya karanto maka baiti ɗaya da ka, ya ce ita nake so, in ba ka iya ba sai ka tsaya kana zare ido.

To maganar wai ba ma karatu. Wallahi duk mai faɗar haka bai taɓa zama bayan kanta ba. Mata su ne suka riƙe littafin Hausa a garin nan, ko a yarda ko kar a yarda. Lokacin da muke ba da haya, littafi ɗaya sai ya zaga gidaje goma, ya dawo da tabon manja da kunnen shafi a lanƙwashe, wani har da rubutu a gefe ana zagin kishiyar cikin labarin. Wadda ba ta iya karatu ba ƙanwarta ke karanta mata ko ta jira a karanto a rediyo. Ko a 2007 da aka ƙona littattafan hikaya a Kano aka ce su ke lalata tarbiyya, ba a daina nema ba, murya kawai aka rage wajen tambaya. Ban ce duk abin da aka rubuta mai kyau ne ba fa, akwai shirme, na karanta shi da idona, amma akwai waɗanda suka yi maganar auren dole da sakin wulaƙanci da karatun 'ya mace tun kafin mu maza mu yarda a yi zancen a fili.

Ga kuma ɗaliban ilimi masu neman Ahalari da Ishmawi, yaro ya ƙirgo canjinsa ya cika da kyar. Ga tsohon da zai zo siyan Alƙur'ani warshu ya shafe rabin awa yana duba hannun marubucin kafin ya taya. Waɗannan duk ba karatu ba ne, ko sai na Turanci ne karatu?

Abin da ya canja shi ne waya. Marubuta da yawa sun koma Wattpad da guruf na WhatsApp, ki tura kuɗi a sa ki a ciki, kuma ban ga laifinsu ba, takarda ta yi tsada, ka buga littafi da kuɗin aljihunka kafin ka sayar da rabi wani ya ɗauki hotonsa ya watsa kyauta. Mu kam mun ji a jikinmu. Yanzu littattafan makaranta ne ke biya mana kuɗin haya in an dawo daga hutu, sai kuma azumi da ake ɗan motsawa. Akwai ranar da cinikinmu bai kai kuɗin abincin rana ba.

Amma ni dai ina son wurin nan, ban san yadda zan yi bayani ba. Ina son ƙamshin sabon katan in an farke shi. Ina son in hango mutum tun daga bakin layi in san me zan ajiye masa. Akwai wata yarinya da ta fara zuwa da hijabin makaranta tana leƙen bango ba ta da ko sisi, maigida ya ce a bar ta ta zauna ta karanta kar dai ta lanƙwasa, yau ita ke koyar da Hausa a wata sakandare kuma ɗalibanta take turo mana. Mu yi musu da kwastoma a kan ƙarshen labari har la'asar ta kusa wuce mu, ya tafi bai sayi komai ba, gobe ya dawo mu ɗora.

Shi kuma abokin nawa mai shawarar POS, yana shan lemo yana jujjuya wani littafin tarihin Kano da ke kusa da shi, ya ce a'a ashe zamanin Rumfa aka kafa Kurmi, ya buɗe shafi na gaba, da zai tafi ya sa shi a aljihu ya ce zai turo kuɗin da daddare. Har yanzu ban ga alat ba. Malam in kana karanta wannan, maigida ya tambaya.