Ingarman da Aka Auna a Sikelin Karnuka

Ni ɗan gidan dawaki ne. Tun ina yaro nake kwashe barga, ina jiƙa dusa da kanwa. To, da maƙwabciyarmu a nan Kentaki ta Amurka za ta tashi, ta ce ko zan riƙe mata dokinta, ko shawara ban tsaya yi ba. Sai ga ta tana jan wani abu mai geza da wutsiya, tsayinsa santimita 60, da kyar ya wuce gwiwata.

Akwai irin ƙananan dawaki da ake kiwo da gangan, waɗanda ɗaya daga cikin ƙungiyoyin masu kiwonsu a Amurka ba ta yi wa rajista in tsayinsu ya wuce inci 34, wato kusan santimita 86. Waɗannan lafiyayyu ne, ƙanƙanta kawai gare su. Nawa kuwa wada ne a cikin ƙananan: goshi ya turo, haƙoran ƙasa sun zarce na sama, ƙafafu sun gwame, ga tumbi kamar tulu. Abin gado ne, daga wata ƙwayar halitta da ake kira ACAN. In uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kowace haihuwa akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a sami wada. Na sa masa suna Ingarma. Daga baya aka dandaƙe shi don kada ya yaɗa abin, amma sunan ya zauna.

Ranar farko na ga ya yi mini rama a wuya, na ce baƙo sai da tarba. Na cika kwano da hatsin dawaki, kusan kilo ɗaya, na ajiye masa. Ya share tas, ya ɗago yana kallona, na ƙara masa rabi.

Bayan isha'i uwargida ta leƙa ta taga ta ce, "Baban Amina, dokinka na birgima." Na ce jin daɗi ne. Da na fita sai na tarar yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, gumi ya jiƙa shi, kuma ko kashi ɗaya bai yi ba. Doki ba ya amai, abin da ya shiga sai dai ya bi ta baya ko ya tsaya ya kumbura.

Likitar dabbobi ta fara da tambayar nauyinsa. Na ce zai kai kilo 80. Ta ɗora shi a sikelin karnuka, ya nuna 45. Ta ce da ta yi allurar kashe zafi bisa lissafina, da ƙodarsa ta ji a jikinta. Ta zura roba ta hanci har ciki, ta rage abin da ya taru, ta ba shi ruwa. Sannan ta ce a tsoma ƙafafunsa cikin ruwan ƙanƙara, domin hatsi mai yawa yakan sauka a kofato ya kumbura naman da ke riƙe da ƙashi, doki ya gurgunce. Kwana biyu ina tsugune kan bokitai, ina canza ƙanƙara, shi kuwa yana tauna mini hula.

Na ce to shi ke nan, zan sa shi azumi cikin ya sace. Matar nan ta kalle ni kamar na ce zan yanka shi. Ashe ƙaramin doki in ya daina ci ko na kwana biyu ne, kitsen jikinsa kwarara yake cikin jini ya toshe hanta, kuma wannan ya fi kumburin kisa. A ba shi da yawa matsala, a hana shi matsala.

Yanzu abincinsa ingirici ne, giram 700 zuwa 900 a yini, a kan sikelin kicin nake aunawa, kashi huɗu, a jiƙe saboda haƙoransa ba sa niƙa da kyau. Hatsi ko ƙwara. In zai shiga ɗanyar ciyawa sai da takunkumi mai 'yar huda. Duk wata shida a goge masa haƙora da magagari. Kofato kuwa, na sauran dawaki kan kai mako shida zuwa takwas, nasa duk mako uku ko huɗu, don gwamammiyar ƙafa gefe guda take cinyewa. Mai yankan a durƙushe yake aikin, kuma kuɗinsa ɗaya da na babban doki. Ba a hawansa, ko Amina mai shekara huɗu na hana. Da dare minsharinsa har ɗaki, hancin a matse yake.

Ranar Juma'a na kira Baba ta bidiyo na nuna masa. Ya gyara tabarau, ya yi shiru, can ya ce, "Matsa kusa in gani." Na ce, "Baba, ai a kusan nake." Ya ce, "Allah Ya raya. Ina uwar tunkiyar?"