Inji ɗaya, suna goma: amsa ga mai zagin Boxer

Wai don Allah mutumin nan na bidiyon jiya, wanda ya jingina da tsohon Triumph yana shafa tanki yana cewa Boxer da TVS gwangwani ne, babur sai na Ingila, ya san abin da ya jingina da shi kuwa? Har da lissafo mana sunaye da yatsu: Tiger, Thunderbird, Trophy, Bonneville, wai ka ga ƙasar da ta iya aiki, kowace shekara sabon samfuri. Ku kuma kuna ta zuga shi. To sannunku da ƙoƙari. Suna huɗu ya lissafo, amma inji ɗaya ne.

A 1937 Edward Turner, mai zana injin Triumph, ya fito da Speed Twin, silinda biyu a tsaye kafaɗa da kafaɗa, cc 500. A zamaninsa abin a jinjina masa ne, wannan ba musu. Daga nan fa? A 1939 aka ƙara masa zafi, aka ce sunansa Tiger 100. A 1949 Amurkawa suka ce titunansu dogaye ne, ƙarfi suke so, aka ƙara masa girma zuwa 650, aka raɗa masa Thunderbird. Aka sake ƙara zafi, ya zama Tiger 110. A 1959 aka ɗora wa wannan kafireto na biyu, shi ke nan an haifi Bonneville T120, sunan filin gishirin nan na Utah inda Johnny Allen ya yi gudun mil 214 a awa a 1956 da injin Triumph. Trophy kuwa ɗan'uwansa ne mai kafireto ɗaya. A 1973 aka kai shi 750, aka ce T140, kuma shi aka yi ta ƙerawa har masana'antar Triumph da ke Meriden ta rufe a 1983. Shekara 46 ana ɗumama tuwo ɗaya ana sauya masa kwano.

Na san wani zai ce ai a 1963 an haɗe inji da gidan giya wuri guda, a 1971 kuma an mayar da baƙin mai cikin ƙashin babur. Na ji. Cikin injin fa? Fistin biyun nan tare suke hawa, tare suke sauka, kamar yadda Turner ya bar su. Yana 500 girgizar ba ta damun kowa. Da ya kai 750 sai hannu ya mutu a kan kan babur, noti na kwancewa da kansa, ƙwan fitila na mutuwa. Gidan injin kuma a tsaye aka raba shi gida biyu, mahaɗar ta bi ta ƙasa inda mai yake taruwa, shi ya sa duk inda ka ajiye shi sai ya bar maka shaida a ƙasa. Masoyansa wai ɗabi'arsa ce. Yoyo dai sunansa yoyo.

Kada ku ce Triumph na tsana, mu leƙa gidan Norton. Bert Hopwood ya zana injin Dominator, cc 500, ya fito a 1949. Aka kai shi 600 aka ce 99, aka kai shi 650 aka ce 650SS, aka kai shi 750 aka ce Atlas. Da girgizar Atlas ta ishi jama'a, maimakon a zana sabon inji sai aka ɗan karkata tsohon gaba, aka ɗora shi a kan robobi don kada girgizar ta isa jikin mai tuƙi, aka ce ga Commando. Daga nan sunaye suka ɓarke: Fastback, Roadster, Interstate, har da wani Hi-Rider mai dogon ƙaho don a burge Amurkawa. Tanki da kujera da salansa ne suka bambanta, malam. A 1972 suka matsa wa tsohon injin lamba fiye da ƙarfinsa suka kira shi Combat, boris ɗin ciki ya riƙa tarwatsewa tun babur yana sabo. Eh, Commando ya ci kambun babur na shekara sau biyar a jere a Ingila. Ya ci. 'Yan gida ne suka zaɓi ɗan gida.

AJS da Matchless ma ba su wahalar da kansu ba. Kamfani ɗaya, masana'anta ɗaya a Landan, babur ɗaya, a liƙa wa wannan tambari a ce Model 31, a liƙa wa wancan a ce G12. Kuma akwai mutanen da suka yi shekaru suna musun wanne ya fi.

Amma fa tsakani da Allah, ina son baburan nan, shi ya sa abin yake min ciwo. In kana neman inda samfuri yake da ma'ana, dubi BSA Gold Star. A 1937 Wal Handley ya zagaya filin tseren Brooklands da gudun da ya haura mil 100 a awa, aka ba shi 'yar tauraruwar zinariya ta maƙalawa a riga, daga nan sunan ya samo asali. Silinda ɗaya ne tak, 350 ko 500, amma mai saye shi ke faɗin aikin da zai yi da shi: tseren kwalta ne, ko na taɓo, ko hawan duwatsu, ko tafiyar yau da kullum, a haɗa masa giya da kafireto da matsin da ya dace. Na ƙarshensu, DBD34 na 1956, giyarsa ta ɗaya kaɗai tana kusan mil 60 a awa, a cikin gari azaba ne, a fili kuwa sai dai ka ga ƙura. Haka ƙashin babur mai suna Featherbed da Rex McCandless na Belfast ya yi wa Norton, wanda Geoff Duke ya ci tsere da shi a tsibirin Man a 1950. Wannan tunani ne sabo fil. Samarin Landan ma sun gane, suka riƙa cire injin Triumph suna dasawa a ƙashin Norton suna kiransa Triton, abin da manyan kamfanoni suka kasa yi wa kansu.

Ƙwararru suna nan, shugabannin ne suka yi barci. Hopwood da Doug Hele, suna aiki a kamfanin BSA mai mallakar Triumph, sun haɗa injin silinda uku tun tsakiyar shekarun 1960, aka yi ta jan ƙafa har 1968, sannan aka raba shi suna biyu, Triumph Trident da BSA Rocket 3. A 1969 Honda ya sauke CB750: silinda huɗu, birkin faranti a gaba, ka danna maɓalli ya tashi, ƙasa a bushe. Zuwa 1973 BSA ya durƙushe. Masu cewa da tsohuwar zuma ake magani su je su gaya wa ma'aikatan masana'antar BSA ta Small Heath da suka rasa aikinsu.

Yanzu ga inda mai bidiyo zai so ya toshe kunne. Norton na hannun TVS na Indiya tun 2020. BSA na ƙarƙashin Mahindra, shi ma na Indiya, tun 2016. Royal Enfield kuwa tun tsakiyar shekarun 1950 ake haɗa shi a Madras, wato Chennai ta yau, na Ingila ya mutu ya bar na Indiya. Triumph Speed 400 da ya fito a 2023, Bajaj ke ƙera shi, mai Boxer ɗin nan da ka kira gwangwani, wanda ke ɗaukar buhu biyu da mutum biyu daga ƙauye zuwa kasuwa.

Af, tunda an zo kan Boxer, 'yan acaɓa ina da tambaya. Me madubi ya yi muku? Babur sabo dal, ledar kujera ma ba a cire ba, amma madubi biyu an kwance an jefa a ɗaki. Leda ta fi madubi amfani ke nan? Jiya saura ƙiris wani ya shiga gaban tirela don sai ya waiwaya zai ga bayansa. Wanda ya san dalili ya faɗa min.