Dukan da na ajiye wa kaina a fayil

Tunda Injiniya, abokina na yarinta, ya riga ya zagaya da labarin yana ƙara masa gishiri, gara ku ji daga bakin wanda abin ya faɗa wa. Sau tara ne, ba talatin ba. Kuma ban yi hawaye ba, hasken talabijin ne ya dame ni.

Asabar ɗin da ta wuce yayata ta bar mana autanta, kun san shi, ɗan shekara goman nan da ba ya ɗaga kai daga waya. Na ga yana ta shafa gilashi da yatsa wai gem yake bugawa, sai bakina ya ja ni na ce ai su ba su san wasa ba, mu ne muka yi wasa, kuma a Tekken 3, gem ɗin faɗan nan na PlayStation, ba a haifi wanda ya taɓa kai ni ƙasa sau biyu a jere ba. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Kawu, to nuna min."

PlayStation ɗina ta mutu tuntuni, tun zamanin da sai mun kifa ta sannan idonta ya yarda ya karanta faifai. Amma faifan suna nan a kwali. Na kwafe na Tekken a kwamfuta, na sauke RetroArch, na ce wa yaron ya ba ni minti goma. Ga wanda bai sani ba, manhaja ce da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar na'ura har gem ɗin ya ɗauka a gida yake. Ita kanta gangar jiki ce kawai, kowace na'ura da injinta da ake sauke mata daban: Snes9x na Super Nintendo, Genesis Plus GX na Sega, ni kuma na ɗauki Beetle PSX na PlayStation. Na jona waya zuwa talabijin, na haɗa hannun wasa biyu, na danna. Allo ya yi baƙi ƙirin, ɗan rubutu ya gilma a ƙasa, aka dawo da ni inda na fito.

Wai babu BIOS. Wannan shi ne ɗan abin da ke cikin na'urar asali wanda yake tashinta daga barci, duka-duka kilobayit 512, bai kai hoto ɗaya na waya ba. Kowane yanki da nasa: scph5500 na Japan, scph5501 na Amurka, scph5502 na Turai. Faifaina na Turai ne. A ƙa'ida daga na'urarka ake cirowa, inda na samo nawa kuwa mu bar kaza cikin gashinta. Na jefa shi a foldar da ake kira system, na gyara masa suna harafi bayan harafi, scph5502.bin, na danna. Baƙi. Na goge, na sake rubutawa da ƙananan haruffa. Baƙi. Minti goma ta zama awa biyu da rabi.

A nan ne Injiniya ya yi sallama.

Ban kira shi ba, ban taɓa kiransa ba, amma mutumin nan yana jin warin inda aka kwance wayoyi kamar yadda ƙuda ke jin nasa. Kun dai san ba injiniya ba ne, mu muka sa masa sunan saboda rediyon nan da ya buɗe ya rufe sukurori huɗu suka ragu a hannunsa. Ya zauna a kujerata, ya harɗe ƙafa, ya kalli allon kamar likitan da ya riga ya san cutar, ya ce, "Kashe ka kunna." Na ce na yi. Ya ce, "Ba ka bari ta huce ba." Na kashe, muka zauna muna kallon juna, na kunna. Baƙi. Sai ya ce in cire wayar in hura bakinta, wai haka ake yi wa kaset ɗin Sega. Na ce Injiniya, wannan fayil ne, ina zan hura? Ya ce ai matsalata ke nan tun muna yara, gardama.

Tun muna yara. Shi ne fa zai kawo zancen tun muna yara. Wannan bawan Allah a 2001 na ara masa memori kad ɗina na kwana ɗaya. Katin nan gida goma sha biyar ke gare shi, ba ƙari, kowane gida da lissafi ake ba da shi. A ciki akwai ajiyata ta Gran Turismo, gem ɗin tseren mota, na ci lasisin B, na ci na A, na ci na ƙasa da ƙasa, wanda duk ya taɓa gwada jarrabawar nan ya san ba a kwana ɗaya ake cin ta ba. Wata huɗu na yi. Ya dawo min da kati washegari, na sa, babu mota ko ɗaya. Ya share ne ya ajiye gasar ƙwallonsa, gasar da aka fitar da shi a zagayen farko. Da na tuhume shi cewa ya yi katin ne ya share kansa. Kati ya share kansa, ya kuma rubuta wa kansa ƙwallo! Sati biyu bayan nan ya sake arar katin, ni kuma da yake ban da wayo na sake ba shi, har yau ɗin nan bai dawo ba. Sama da shekara ashirin. Na yafe masa abubuwa da yawa, har da kekena, amma duk ranar da na ga hoton mota a allo sai na tuna. Kuma ga shi yau a kujerata yana koya min hura waya.

Duk wannan yaron yana gefe yana jinmu. Can ya taso, ya ce, "Kawu, matsa kaɗan." Ya buɗe foldar, ya taɓa wani abu a sama, sai ga sunan fayil ɗina ya bayyana gaba ɗaya: scph5502.bin.bin. Ashe Windows tana ɓoye wutsiyar sunan fayil sai ka ce ta nuna. Wutsiyar tana nan tun farko, ni na ƙara masa ta biyu, na yi awa biyu da rabi ina gyara gaba alhali matsalar tana baya. Ya goge haruffa uku da ɗigo, ya koma wayarsa. Injiniya ya ce, "Abin da nake shirin faɗa ke nan."

Na danna. Farin allo ya fito da alamar nan mai ruwan lemo, sautin nan ya taso daga ƙasa yana kumbura, sannan allo ya yi baƙi tambarin PS ya bayyana. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na manta awa biyun, na manta katin, na ji na koma 1998 da gashina cikakke.

Na ɗauki Paul Phoenix, mai gashi a tsaye kamar tsintsiya. Na yi wa yaron bayani irin na manya, cewa a Tekken kowane maɓalli gaɓa ɗaya ce: murabba'i hannun hagu, kusurwa uku hannun dama, X ƙafar hagu, da'ira ƙafar dama. Na gaya masa akwai naushin Paul da ake yi da ƙasa, ƙasa-gaba, gaba da kusurwa uku, wanda in ya same ka sai ka tashi sama. Ya ce to. Ya zagaya ya tsaya a kan Eddy Gordo, wai kayansa sun yi masa kyau. Gabana ya ɗan faɗi, don duk wanda ya yi zamanin nan ya san Eddy. Ɗan Birazil mai wasan kafuwera, faɗan nan mai kama da rawa, ba ya buƙatar ka iya komai, danna X da da'ira kawai kamar mai kiɗa, shi zai yi ta juyi yana tsayawa a kan hannu yana zuba maka ƙafa. A lokacinmu har doka muka kafa cewa ɗaukar Eddy rashin kunya ne. Amma ya zan kafa wa ɗan shekara goma doka bayan duk cika bakin da na yi?

Zagayen farko ban taɓa shi ba. Muryar gem ɗin ta ce "Fafet," wato ya ci ni ko ƙwarzane babu. Na ce talabijin ce, talabijin na yanzu sai sun yi wa hoto kwalliya kafin su nuna, kana danna maɓalli yau ana naushi gobe. Wannan gaskiya ce fa, ba ƙarya na yi ba. Yaron ya ɗauki rimot ya sa ta a yanayin gem, jinkirin ya tafi. Ya sake kai ni ƙasa. Na ce hannuna ne yake maƙalewa, muka yi musaya. Ya kai ni ƙasa da hannun da ke maƙalewa. Ina cikin neman dalili na gaba sai ya ce, "Kawu, me ya sa gem ɗin yake tafiya a hankali?" Ni da nake ganin ƙafafu kamar fanka! Kuma gaskiyarsa, faifan Turai hoto 50 yake bayarwa a daƙiƙa maimakon 60 na Japan da Amurka, wato an rage masa gudu da kashi ɗaya cikin shida. An rage, amma ban gani.

To a nan shaiɗan ya raɗa min. Kwamfutar tana kusa da gwiwata. A manhajar nan in ka danna F2 tana ɗaukar hoton duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar a wannan ƙiftawar ta ajiye, in ka danna F4 ta mayar da kai can daidai. Da aka fara sabon zagaye, jinina cike, na miƙa ɗan yatsa na taɓa F2. Da duka ya yi yawa na taɓa F4. Muka koma farko. Yaron ya ce, "Lah, me ya faru?" Na ce tsohon gem ne, yana tsalle wani lokaci. Injiniya ya gyaɗa kai ya ce ƙura ce. Na biyu ma ya wuce lafiya.

Na uku ne. Jinin Paul ya rage kamar zare. Eddy ya kifa kai ƙasa, ƙafarsa ta dama tana sama tana zuwa. Idona a kan talabijin, hannuna na hagu ya tafi laluben F4 a makance. Na danna. Ba mu koma ko'ina ba. Ƙafar ta sauka a haƙarƙarin Paul, ya yi ƙara, aka rubuta K.O. A ƙasan allo kuma ɗan rubutu ya fito cewa an ajiye. F2 na danna. Na shafe ajiyata mai cikakken jini, na ɗora mata wannan.

Da na haƙura a nan da an wuce wurin. Amma ban yarda ba, na danna F4 a fili, kowa yana gani. Ga Eddy a kife, ga ƙafa a sama, ga zaren jini. Tim. K.O. Na sake dannawa, na riƙe baya don in kare. Tim. Na sake, na gwada durƙusawa. Tim. Na gwada tsalle, na gwada naushin da na yi wa yaro lacca a kai, ko ƙasa ban gama dannawa ba. Ƙafar ta riga ta taso tun kafin a ajiye, babu abin da ɗan Adam zai yi a tsakanin. Yaron ma ya ajiye hannun wasansa a kan cinya, ba ya taɓa komai, Eddy shi kaɗai yake aikin. Ya kalli allo, ya kalli yatsana a kan kwamfuta, ya ce a hankali, "Kawu, dama kai ne ƙurar?"

Injiniya ya zame daga kujera. Da ya samu numfashi sai ya matso ya karɓi aikin danna F4 da kansa, karo na farko a rayuwarsa da ya taɓa na'ura ta yi abin da yake so. Tim. Ya kira maman yara ta zo ta gani. Ta fito tana goge hannu, ya danna mata, tim, ta ce, "Wannan mai tsintsiyar kai ne?" Aka ce ni ne. Ta ce a sake mata ba ta gani da kyau ba. Tara ke nan da nata. Na fizge kwamfutar na rufe manhajar gaba ɗaya.

Bayan na rufe ne yaron ya ce ai a cikin jerin da ke fitowa in an danna F1 akwai wurin da ake warware ajiyar ƙarshe a dawo da ta baya, ya gani ɗazu. Na ce me ya sa bai faɗa ba? Ya ce ban tambaya ba.

Da na raka Injiniya ƙofa na yi masa zancen katin. Ya ce wane kati? Na ce na 2001, mai ruwan toka. Ya yi shiru yana tunani, ya ce kamar dai nasa ne wannan. Sai da ya tafi na lura wayar talabijin ɗin ma ba ta nan, wai zai gwada wani abu a gida ya kawo gobe.

Fayil ɗin yana nan, ban goge ba. Daren jiya da kowa ya kwanta na buɗe shi a ƙaramin allo, na rage sauti, na gwada kaucewa gefe. Ba ta yi ba. Akwai wani maɓalli da ke sa gem ya tafi a hankali, ban dai gwada shi ba tukuna.