Idan Abu Ya Faɗa Ido, Ka Fara Riƙe Hannunka

'Yan'uwana matasa, musamman magina, masu walda, kanikawa da masu feshi, don Allah ku riƙe wannan magana da kyau. Sau da yawa abin da aka yi wa ido a mintunan farko shi ke sa a rasa shi, fiye da tsautsayin kansa. Da zarar abu ya faɗa ido, hannu ne ke rigan hankali zuwa wurin ya hau murza. Ka hana shi.

In sinadari ne ya fantsama, ruwan batir ko siminti ko bilic (ruwan wanki mai farar da tufafi) ko soda, to ruwa tukuna, asibiti daga baya. Kada ka tsaya neman mota, balle neman mai laifi. A karkatar da kai yadda idon da abin ya shafa zai koma ƙasa, a riƙa kwarara ruwa mai tsabta daga gefen hanci yana gangarawa waje, don kada ya kwashi gubar ya kai wa ɗaya idon. Idon zai rufe gam, mutum yana ihu yana ture ka. Haka za ka daure ka sa yatsu ka ware fatar, ka ce masa ya riƙa juya ƙwayar sama da ƙasa. Aƙalla minti 20, kuma a duba agogo, domin a irin wannan ruɗani mutum kan yi minti 3 ya rantse ya yi 20.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake raina siminti. Kowa na tsoron asid, irin na ruwan batir, alhali siminti da soda sun fi shi ɓarna. Asid yana ƙona saman ido ya daskarar da naman, wannan kan rage masa shiga. Su kuwa narkar da nama suke yi su ratsa ciki, kuma ɓarɓashin siminti yana maƙalewa ƙarƙashin fatar ido yana ci gaba da ci. Raɗaɗi ya lafa ba ya nufin an tsira, wataƙila jijiyoyin ne suka ƙone. Don haka bayan wanki sai likitan ido, a tafi da mazubin sinadarin ya gani.

Amma in ƙusa, waya, gilashi ko tsinin ƙarfe ne ya soki ido, hukuncin ya juya. Ba a wankewa, ba a zarowa, ba a dannawa. Dannawa kaɗan na iya matso abin da ke cikin ƙwayar waje. A kifa kofin takarda ko na roba a kan idon, bakinsa ya zauna kan ƙashi, a manne shi da filasta. Kada a ba shi ci ko sha, mai yiwuwa tiyata za a yi masa, kuma a guji asfirin don yana ƙara zubar jini.

Naushi ko bugun ƙwallo kuwa, a ɗora tsumma mai sanyi a hankali. In jini ya taru a baƙin ido, ko ana ganin abu biyu-biyu, ko walƙiya, ko duhu ya rufe wani gefe, ba a kwana da shi a gida.

Sai maganin ɗigon ido da wani ya rage. Ina roƙonka kada ka karɓa. Wasunsu na ɗauke da wani sinadarin rage kumburi da ake kira sitiroyid, wanda kan rura gyambo a baƙin ido har ya bar hakiya ko ya huda shi. Likita ne zai haska idon ya san wanda ya dace da raunin.