Distirakta ba ya share komai da kansa

Yaran da ke koyon yaren rubuta manhaja na C++ a Aboabo da Sabon Zongo nan Kumasi, har da wasu ɗaliban jami'ar KNUST, da yawa sun ɗauka cewa da zarar an rubuta wa kilas (tsarin da ake ƙirƙirar abubuwa da shi a manhaja) distirakta, wato umarnin da ke rushe abu idan an gama da shi, shi ke nan, ƙwaƙwalwar kwamfuta za ta share kanta. Ba haka ba ne.

Abin da aka ƙirƙira kai tsaye cikin fankishin (gungun umarni mai yin aiki ɗaya), kwanstirakta, wato umarnin ginawa, na gina shi, distirakta kuma na rushe shi da kansa idan fankishin ya ƙare. Amma wanda ka samar da umarnin new yana nan daram. Fointa, mai nuna inda abun yake a ƙwaƙwalwa, ce kawai ke ɓacewa, abun kuwa yana riƙe da wurinsa, ba wanda zai kira distiraktansa sai ka rubuta umarnin delete. Manhajar da ke yin haka sau dubbai tana iya cinye ƙwaƙwalwa har ta tsaya.

Gwada da hannunka: sa cout, mai nuna rubutu a allo, cikin distirakta ya buga "na tafi", ka ƙirƙiri abu biyu, ɗaya da new. Sau ɗaya kawai za ka ga saƙon.

Tun sigar C++11 akwai unique_ptr, wanda ke kiran delete a madadinka, kuma shi nake ba masu koyo shawarar amfani da shi.